Watan da Ba Namu Ba

Lokacin da na shiga koyon aikin jarida, da gemuna da 'ya'yana biyu, malamin da ke koya mana ya zana layi a allo ya ce kowane labari yana da wanda ya aiko shi, da hanyar da ya biyo, da wanda ya karɓa. Ya ce akwai kuma mai tsaron ƙofa, wato mutumin da labari ke biyowa ta hannunsa, shi ne zai bar shi ya wuce ko ya tare shi. Daga nan ya rubuta kalmar majiya, ya ja mata layi biyu, ya ce duk wanda bai san inda labarinsa ya fito ba to ba shi da labari. 'Yan aji suka duƙufa suna rubutu. Ni ban rubuta ba. An riga an koya mini wannan tun da daɗewa, kuma wani tsoho ne ya sha wahalar karatun a maimakona.

A tsakiyar shekarun saba'in aka tura ni koyarwa a firamaren wani ƙauye da ke tsakanin Gaya da Ajingi. Ni ɗan cikin garin Gaya ne, kuma a lokacin gani nake wannan ma wani ilimi ne da na fi mutane da shi. Shekaruna ashirin da biyu, ina da keke, da agogon hannu, da rediyo mai rigar fata, ga saurin fushi da na gada ban san daga wa ba. A duk ɓangarenmu na ƙauyen babu mai rediyo sai ni. Kullum bayan la'asar mutane kan taru a ƙofar gidan da nake, in kunna musu labarai, in kashe, sannan in sake faɗa musu abin da suka ji da kunnensu, da ƙarin bayani irin nawa. Daɗin abin nake ji ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Dagaci ya sauke ni a gidan wani dattijo manomi, wanda yaro da babba ke kira Baba. Ya ba ni shagon da ke jikin soro, matarsa Inna kuma ta ɗauke mini girki. Baba mutum ne dogo, busasshe, marar yawan magana. Rediyo ba ya kiran sa da sunansa, sai dai ya ce, "Malam, yau me akwatin nan ya ce?" Duk abin da na faɗa masa yakan gyaɗa kai ya karɓa, domin a wurinsa mai karantar da yara ba ya ƙarya.

Abu ɗaya aka san Baba da shi a ƙauyen. Tun da ya balaga bai taɓa shan azumi ba, ko na kwana ɗaya. Shekarar da maciji ya sare shi a gona bai sha ba. Shekarun da yake kai gyaɗa Kano a ƙasa da jakai bai sha ba, alhali matafiyi an yi masa rangwame. Shi ba ya faɗa, Inna ce ke faɗa, shi kuma ba ya hana ta. Na taɓa jin sa sau ɗaya tak, yana cewa wani abokinsa ba shi da karatu, ba shi da dukiyar zuwa Makka, wannan ne kawai abin da zai riƙa a hannu ranar da aka kira shi.

A wancan zamanin labarin ganin wata yana da hanyarsa, kuma kowa ya san ta. Daga fadar hakimi ake turo ɗan aike wurin dagaci, dagaci ya kira liman, a harba bindiga, a buga ganga, sannan mai shela ya zaga unguwanni. Ko da mutum ya ga jinjirin da idonsa, ba ya cewa kowa ya sha ruwa, sai ya je gaban liman ya ba da shaida. Ni wannan tsari haushi yake ba ni. Na sha cewa a majalisa duniya ta ci gaba, magana tana tafiya cikin iska, mu muna nan muna jiran mutum a kan keke.

Rediyon nawa yana da larura biyu da ban cika faɗa wa mutane ba. Igiyar da ke jan allurarsa ta tsinke tun da bazara, saboda haka ko ka murɗa, allurar ba ta motsi, ba ka ganin inda kake. Da kunne nake nemo tasharmu: in yi ta murɗawa, duk inda na ji Hausa in tsaya. Na biyu kuma batura. Sai ranar kasuwar Ajingi ake samun su, kuma a makon nan ban je ba. Idan suka yi sanyi nakan shanya su a rana, ko in ajiye su gefen murhu su ɗumama, su ba ni ɗan abin da ya rage a cikinsu.

Azumin shekarar ya ƙare a ƙarshen damina. An kwana biyu ana tafka ruwa, rafin da ke tsakaninmu da hanyar Gaya ya cika ya batse, shi ya sa ma ban tafi gida hutun sallah ba. Ranar da wata ya kwana ashirin da tara hadari ya rufe yamma ruf. Mutane suka tsaya bayan masallaci suna duba sama har suka gaji. Na kunna rediyo, ya yi ɗan tari ya mutu. Ba a ji bindiga ba, ba a ji ganga ba, sai kowa ya tashi sahur ya ɗauki niyyar cika talatin.

Ni kuwa da na karɓi kunun sahur, sai na roƙi Inna ta ajiye mini batura gefen murhu. Gari na wayewa na karɓo su da ɗuminsu, na zuba, na murɗa. Shuuu, shuuu, sai ga Hausa tar. Mai magana yana tsakiyar sanarwa, yana cewa an tabbatar da ganin jinjirin wata a wurare da dama, saboda haka yau take sallah, yana yi wa al'ummar Musulmi barka. Ban jira ya kai ƙarshe ba. Na kashe don kada batura su ƙare, na fito ko hula ban sa ba.

Baba yana zaune a soro bisa buzunsa, yana jan carbi. Na ce masa an ga wata, yau sallah. Bai yi murna ba. Ya ɗaga kai ya karkata kunne wajen gidan dagaci, ya ce shi bai ji ganga ba. Na ce ina za a ji ganga, rafi ya cika, ɗan aike ba shi da fiffike. 

"Malam, kai ka ji da kunnenka?"

"Da kunnena na ji, Baba."

Da na ga har yanzu yana jan carbinsa, sai na ƙara masa da abin da na san zai motsa shi. Na ce ai ya fi ni sanin cewa azumi ranar idi haramun ne, duk wanda ya ci gaba da kame baki bayan labari ya zo masa, saɓo yake yi. Wannan maganar ita ce har yau ba na son tunawa. Ya kira Inna ta kawo ruwa a moɗa. Ya riƙe moɗar ya daɗe, har na fara ƙosawa, yana kallon ƙofa kamar mai jiran wani ya shigo. Babu wanda ya shigo. Ya yi bisimilla ya kurɓa sau uku.

Na hau keke na shiga gari. Duk gidan da na tsaya, in aka yi mini gardama sai in ce ai Baba ma ya sha ruwa, nan take gardama ta ƙare. Kafin rana ta ɗaga sosai hayaƙi ya tashi a gidaje fiye da goma. Mata suka ɗora tukwanen tuwon sallah, aka fara awon zakkar kono, yara suka fito da sababbin riguna suna tsalle a cikin taɓo. Ina tafe ana yi mini godiya, kaina ya yi girma.

A ƙofar masallaci na tarar da liman zaune da dattawa huɗu ko biyar. Labari ya riga ni isa. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da na ji. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni, a hankali, wa ya ga watan. Na ce an ce mutane da dama. Ya ce a wane gari. Na ce wurare da dama aka ce. Ya ce to wa ya karɓi shaidarsu, da sunan wa aka yi sanarwar. Nan na tsaya, domin ban ji farkon maganar ba, ban kuma jira ƙarshenta ba. Maimakon in faɗi haka, sai raina ya ɓaci. Na ce, Allah gafarta Malam, gidan rediyo ba dandali ba ne da kowa zai shiga ya faɗi son ransa, hukuma ce ke magana a ciki. Ya ce bai musa ba, shi dai so yake ya san wace hukumar. Ya ce in ɗauko akwatin a ji tare, in ya tabbata shi da kansa zai sa a buga ganga, ba sai an jira ɗan aike ba.

Na koma gida a fusace, ina shirya maganganun da zan yaɓa musu idan gaskiyata ta fito. A soro na wuce Baba, ya riga ya sa farar rigarsa ta idi, yana naɗa rawani. Na shiga shago na ce bari in gwada tukuna, kada in je gaban mutane abin ya ƙi tashi. Ban taɓa abin murɗawar ba, yana nan inda na bar shi. Na kunna. Kiɗan sallah ake yi. Na ji sanyi a raina. Kiɗan ya tsaya, mai magana ya dawo, kuma a wannan karon na lura Hausarsa ba irin tamu ba ce, akwai wani ɗan lanƙwasa a cikinta. Ya faɗi sunan tashar, ya faɗi birnin da yake magana daga ciki. A ƙasar Nijar yake. Bayansa wata mace ta karɓa da Faransanci.

 Na murɗa a hankali har na samo tasharmu, muryar da na saba ji kullum. Karatun tafsiri ake yi irin na kowace safiyar azumi. Da aka tsaya, sai aka maimaita sanarwar da aka yi tun jiya, cewa ba a ga wata ba a ko'ina a ƙasar nan, a cika talatin. Muryar tana ta dusashewa, batura suna mutuwa a hannuna.

Na zauna a bakin gado. Babu wanda ya ji sai ni. Kuma Shaiɗan bai ɓata lokaci ba, ya kawo mini dabara a shirye: batura sun kusa ƙarewa, in na bar shi a kunne na minti biyar zai mutu da kansa. In kai musu mataccen rediyo, in ce ga shi, ya ƙi tashi. Ba wanda zai iya ƙaryata ni yau. Gobe in ɗan aike ya zo sai in ce su can ne suka yi kuskure suka gyara. Wallahi na yi wannan tunanin har ƙarshensa, kuma ya yi mini daɗi. Abin da ya hana ni shi ne ƙarar taɓarya da nake ji daga cikin gida. Inna tana daka, kuma in na yi shiru, kafin azahar sauran rabin garin ma za su ci.

Na kashe rediyon na rungumo shi. Baba ya riga ni fita, yana tafe a gabana da sandarsa zuwa masallaci, rigar tana ƙamshin adakar da ake ajiye ta.  Na bi shi a baya ina tura ƙafa, tafiyar da ba ta kai ta minti uku ba ta zame mini kamar zuwa Gaya.

Mutane sun cika ƙofar masallaci, waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba, har an fara musayar baƙaƙen maganganu. Aka buɗe mini hanya. Ban kunna komai ba. Na durƙusa na ajiye rediyon a ƙasa na ce, "Allah gafarta Malam, na yi kuskure. Tashar Nijar na kama. Can ne aka ga wata. Tamu ta ce a cika talatin."

Na zaci za a yi ihu. Ba a yi ba. Liman ya sunkuyar da kai ya yi salati. Sannan ya ce duk wanda ya ci ko ya sha ya kame bakinsa daga yanzu har faɗuwar rana, bayan sallah ya rama kwana ɗaya. Ya ce babu kaffara a kan kowa, domin ba wanda ya yi da gangan. Ya sa yara su ruga gida-gida su ce a sauke tukwane. Daga nan ya fara tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya don ya san waɗanda abin ya shafa, har ya zo kaina.

"Kai fa, Malam? Me ka ci?"

Sai a lokacin na tuna. Tun da na fito daga shago ina kan keke, ina rabon labari. Ko ɗigon ruwa bai shiga bakina ba. Na so in ce na sha, don dai in shiga cikinsu, amma ƙarya a gaban liman, da azumi a bakina, ta fi ƙarfina. Na ce ban ci komai ba. Wani daga baya ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi, ya ce ashe malamin boko ya san abin da yake yi. Ban ɗaga kai ba. Ƙafafun Baba kawai nake gani, da gefen farar rigarsa da taɓo ya ɓata. Ƙafafun suka juya suka tafi.

Da yamma aka ji bindiga, aka ji ganga, ɗan aiken hakimi ya ƙetaro rafi da kekensa a ka. Washegari aka yi idi. Mutane suka yi mini abin da ya dace da ni: wasu suka daina amsa gaisuwata na ɗan lokaci, yaran makaranta suka riƙa tambayata ko yau ma sallah ce. Majalisar la'asar ta watse. Duk wannan na iya ɗauka.

Abin da ban iya ɗauka ba shi ne na cikin gida. Kwana ɗaya bayan sallah Baba ya tashi da azumi, na ce ramuwa ce. Washegari ma ya tashi da shi, na ce ko sitta shawwal ya haɗa. Da aka kwana goma na tambayi Inna, ta kalle ni da jajayen idanu ta ce kaffara yake yi, wata biyu a jere. Ta ce liman da kansa ya zo har soro ya ce masa ba ta hau kansa ba, ya ƙi ji.

Na same shi a gonar gyaɗa, ana cira, rana tana dukan ƙeya irin ta kaka. Leɓɓansa sun bushe sun yi fari. Na durƙusa a kan kunyar gyaɗa na roƙe shi ya bari, na ce laifin nawa ne, kowa ya sani. Ya dogara da fartanyarsa ya ce liman ya yi hukunci da abin da ya gani, amma akwai abin da liman bai gani ba.

"Da na riƙe moɗar nan, zuciyata ta ce mini ban ji ganga ba. Shekara hamsin ganga nake jira. Na ji ta sarai, na sha."

Na ce to ya bar mini rabi, in yi talatin ya yi talatin. Ya ce ba a raba shi. Bai faɗa da fushi ba, kuma bai taɓa ce mini kai ka jawo ba, ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na samu sauƙi.

Haka na zauna a gidan nan ina kallo. Aka gama cirar gyaɗa, aka shiga yankan dawa, yana fita da safe yana dawowa da yamma, wuyansa yana ƙara tsawo, rigarsa tana ƙara yi masa yawa. Inna tana aiko mini da abincin rana kamar kullum, in rufe ƙofa in ci kamar ɓarawo, wani lokaci in kasa. Na kai rediyon Ajingi aka ɗaura masa sabuwar igiya, allura ta dawo tana tafiya, amma ba na kunna shi sai ƙasa-ƙasa. Baba bai sake tambayata me akwatin ya ce ba. Kullum tsorona kada ya kwanta ciwo a tsakiya, domin na san in ya sha ɗaya zai koma farko, kuma na san zai koma ɗin.

Bai kwanta ba. Ranar cikon sittin, saura 'yan kwanaki babbar sallah, na dawo daga makaranta na zauna kusa da shi a soro tun la'asar. Inna ta kawo ƙwaryar kunu da moɗar ruwa ta ajiye a gabansa. Rana ta sauka bayan rumbuna, inuwa ta rufe ƙofar gida. Ran nan ladan ya ɗan makara, ban san me ya tsare shi ba. Baba ya ɗauki moɗar ya riƙe. Sai ya juyo ya dubi agogon da ke hannuna.

"Malam, lokaci ya yi?"

Wata biyu ke nan bai tambaye ni komai ba. Na duba agogon. Lokaci ya yi, har ya gota da minti biyu, kuma agogon nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. 

Na ce, "Baba, bari mu ji ladan."

Ya dube ni ya ɗan jima, sannan ya gyaɗa kai ya mayar da moɗar bisa gwiwarsa. Muka zauna muna jira.